A kulle sigar laburare a ƙyale ta, ko a riƙa sabuntawa?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum. Ni har yanzu ina kan bakana: duk laburaren da ka jawo cikin aikinka, wato kod ɗin da wasu suka rubuta kake amfani da shi, rubuta lambar sigarsa (version) daidai, ka kulle, kada ka sake taɓa shi sai da dalili mai ƙarfi. Alamar ^ ta npm (manhajar da ke sauko mana da laburaren JavaScript) ce ke jawo mana rigima. Idan ka rubuta ^2.3.1, ka ba mutumin da ba ka taɓa gani ba izinin shigo maka da 2.9 kana barci.

Maryam: Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, kullewa kam ba gardama, shi ya sa muke ajiye package-lock.json (fayil ɗin da ke riƙe da ainihin lambar kowace siga) a Git, ma'ajiyar kod ɗinmu, mu yi npm ci a sabar don ta ɗora sigogin da ke cikinsa daidai. Inda muka rabu shi ne "kada ka sake taɓawa". Equifax fa, kamfanin nan na Amurka mai tattara bayanan bashin mutane? Gyaran tsaro na Apache Struts, laburaren da suke amfani da shi, ya fito a Maris 2017, ba su ɗora shi ba, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Tsohuwar siga ce ta kashe su.

Injiniya Bashir: To ƙanwata, xz kuma, laburaren nan na matse fayiloli? A 2024 sababbin sigogi ne, 5.6.0 da 5.6.1, suka zo da ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse. Wanda ya zauna kan tsohuwa ya tsira. Da injiniya Andres Freund bai lura shiga ta ssh (hanyar shiga sabar daga nesa) ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa ba, da masu gaggawar sabuntawa ne za su fara kwana ciki.

Malam Usman: Ku biyun kuna maganar laburaren da kuka jawo da hannunku. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wanda laburaren ya jawo a bayansa. Lokacin da aka gano ramin tsaro a Log4j, wani laburaren Java, a Disamba 2021, mutane da yawa sun rantse ba sa amfani da shi, sai bincike ya nuna yana can ƙasa, wani laburare ne ya shigo da shi. Na taɓa gadon wani aiki da aka shekara uku ba a taɓa sigoginsa ba. Ranar da gyaran tsaro ya zama dole, sai da muka tsallaka manyan sigogi biyu lokaci guda, komai ya wargaje, muka yi sati biyu muna haɗawa. Tun daga nan nake jin tsoron kullewar da ba a duba ta.

Aliyu: Malam, ni tambayata, me ya sa muke jawo su da yawa tun farko? Laburaren left-pad layi 11 ne kawai na kod. Da marubucinsa ya janye shi daga npm a Maris 2016, har Babel, babban kayan aikin JavaScript, ya kasa ginuwa, kuma kulle siga ba zai ceci kowa ba tunda abin ya ɓace gaba ɗaya.

Maryam: Aliyu ka yi gaskiya, ragewa ita ce ta farko. Sauran kuma a kulle su, a bar manhajoji masu sa ido kan sababbin sigogi, Renovate ko Dependabot, su riƙa kawo sabuntawa ɗaya-ɗaya, a jira kwana kaɗan bayan fitowar siga, gwaji ya wuce, sannan a haɗe. Gyaran tsaro kaɗai ne ba ya jira.

Injiniya Bashir: Jiran kwanakin na karɓa. Amma a ƙungiyarmu mu uku ne, gwajinmu bai kai rabin kod ɗin ba. Idan buƙatun sabuntawa 20 suka taru ranar Litinin, wa zai zauna ya karanta abin da ya canza kafin ya danna?