Waɗanda suka zauna cikin masu Sifaniyanci, yaya aka yi bakinku ya buɗe?

Amaryar Zandar: Salamu alaikum. Bayan sallah in Allah ya yarda zan bi maigida Balensiya, a ƙasar Sifaniya. Na ɗan fara koyo a waya, abin da aka rubuta ina ganewa, amma da na kunna rediyonsu sai in ji kamar ruwan sama a kan kwano. Don Allah yayyena, wanda ya taɓa zama cikinsu ya faɗa min yadda ya yi.

Ɗan Almeriya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki gode wa Allah Balensiya za ki. Mu nan kudu muke, wajen El Ejido, a gonakin tumatir da tattasai da ake lulluɓewa da leda. Mutanen Andalus haɗiye ƙarshen kalma suke yi, harafin s ɗin nan ba ka jin sa ko kaɗan. Abin da na haddace a waya, ranar farko da mai gona ya ɗaga murya yana nuna min kwanduna, ko ɗaya bai zo min a kai ba. Aiki ne ya koya min, sai kuma ajin dare na kyauta da ƙungiyar agaji ta Cruz Roja, wato Red Cross, ke yi wa baƙi. Kina sauka ki yi rajistar zama a ofishin magajin gari, suna ce mata padrón, kusan duk wata takarda a kanta take hawa.

Likitan Kyuba: Ni a Habana na yi karatun likita, a makarantar ELAM da aka buɗe a 1999. Kafin a fara karatun sai da muka yi wata da watanni ba abin da ake koya mana sai harshe da ɗan kimiyya. Bahaushe yana da sa'a biyu da bai sani ba. Wasulansu biyar ne irin namu, yadda aka rubuta haka ake karantawa. Sannan suna raba namiji da mace a sunayen abubuwa, kuma yawancin na mace da a suke ƙarewa, kamar dai a Hausa. Abokan karatuna masu Turanci zalla sun sha wuya a nan, ni kuwa ko a jikina. Inda muke kwana shi ne p da f. Malamarmu takan riƙe takarda a gaban bakina, ta ce in maimaita har sai na daina hura ta. Amma gaskiya bakina a asibiti ya buɗe, gaban tsofaffin da ba sa jira ka gama tunani.

Malam Na Azare: Dakta, ban yarda a ce titi kaɗai ya isa ba. Aikatau ɗinsu yana canza ƙarshe gwargwadon mai yi da lokacin yi. Wanda bai zauna da littafi ba zai shekara goma yana cewa “ni tafi jiya”. Kuma mai neman takardar zama ɗan ƙasa sai ya ci jarrabawar harshe ta DELE matakin A2 ta Cibiyar Cervantes, da wata ta sanin tsarin ƙasar.

Likitan Kyuba: Haka ne Malam, ban musa ba. Littafi da safe, kasuwa da yamma.

Alhajin Malabo: Ni ban shiga aji ba. Kaya nake kaiwa Malabo, a Ikwatoriyal Gini, daga Duwala. Ikwatoriyal Gini Sifaniya ce ta mulke ta har 1968, shi ya sa harshen ya zauna musu. Suna fitar da kalma sarai, ba sa haɗiyewa. Lissafin kuɗi na fara riƙewa, don kada a cuce ni a sefa. Matsalata ɗaya, da sun ji na kakare sai su juya min zuwa Pichi, irin burokan ɗinsu, shi ke nan darasi ya watse.

Maman Basalona: Amarya, abin da mazan nan ba su faɗa miki ba. Na farko, girki. Alade yana shiga inda ba ki zato, har cikin biskit da kayan zaƙi, musamman lokacin Kirsimeti. Ki duba bayan leda, in kin ga manteca de cerdo, wato kitsen alade, ki ajiye. Mahauta 'yan Maroko da Pakistan suna da naman halal. Na biyu, gaisuwarsu sumba ce a kumatu biyu, mace da namiji. Ni hannu nake ɗorawa a ƙirji in yi murmushi, ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Abincin rana sai ƙarfe biyu ko uku, na dare tara ta wuce, kada ki kai wa maƙwabciya ziyara da azahar. Kuma ki sani, a makarantar yara nan Katalanci ake yi, harshen yankin, can wajenku ma akwai Balensiyanci, don haka in kin ga allo kin kasa karantawa ba kanki ba ne. Ni a bakin ƙofar makaranta na koya, wajen ɗauko yara, da wata 'yar Ekwado da ba ta gajiya da gyara min.

Amaryar Zandar: Allah ya saka da alheri. Hajiya, ajin daren nan mata na zuwa da jarirai?

Maman Basalona: Ki nemi na safe, shi mata suka fi cika. Namu har keken yara muke jerawa a bayan aji.