Ku agaza min, me za mu kira wurin nan na Kigali da Hausa?

Asabe Rikkos: Salamu alaikum jama'a, gobe ƙarfe 4 na yamma zan shiga shiri a rediyo kan tafiyar da na yi Ruwanda kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Wurin nan da ke Gisozi a Kigali wanda suke ce ma genocide memorial, an buɗe shi a 2004, mutum sama da 250,000 ne binne a ciki daga waɗanda aka kashe a 1994. Na fara rubuta gidan tarihi sai hannuna ya ƙi, don a Jos in ka ce gidan tarihi ba abin da mutum zai tuna sai na kusa da gidan zu inda ake kai yara yawon sallah su ga tsoffin gumakan yumɓu na Nok. Can kuwa akwai ɗaki na hotunan yara zalla, ƙarƙashin hoto an rubuta sunan yaro da shekarunsa da abincin da ya fi so, layin ƙarshe yadda aka kashe shi. Wallahi ban iya gama ɗakin ba sai da na fita lambu na zauna.

Ɗan Gangare: Anti ki ce makabartar kisan kiyashi kawai, tunda gawarwaki na nan

Asabe Rikkos: Kiyashi kam ba zan faɗa ba ƙanena. A lokacin kisan, wani gidan rediyon Ruwanda mai suna RTLM ya yi ta kiran ƴan ƙabilar Tutsi inyenzi, wato kyankyasai, har maƙwabci ya ɗau adda a kan maƙwabci, sai ni kuma in hau rediyo in haɗa su da wani ƙwaro? A Jos ɗin nan da muka ga rikicin 2001 da 2008 da idonmu?

Habu Bukuru: gaskiya ne, kisan kare dangi shine daidai. hubbaren kisan kare dangi fa?

Malam Farin Gada: Habu, ƙare ake rubutawa da lanƙwasa, abin da ka rubuta sunan dabba ne, kuma a maganar mamata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hubbare na bayin Allah ne irin na Shehu a Sakkwato, bai shiga nan ba. Ni shawarata MATUNA. Karanta, makaranta. Jema, majema. Tuna, matuna. Harshen ya ba mu ma'auni, me ya sa kullum sai mun jera kalmomi biyar inda Bature ya sa ɗaya?

Habu Bukuru: Allah ya gafarta Malam wayata ce bata da haruffan. amma matuna din nan a kunne ai "ma tuna" za a ji, kamar ana alkawari

Malam Farin Gada: To ai ya ƙara kyau. Su ma Ruwandawa Kwibuka suke kiran makokin da suke farawa duk 7 ga Afrilu, ma'anarsa tunawa. Ita kanta genocide ɗin mutum ɗaya ne ya ƙera ta, Raphael Lemkin, a 1944, ya haɗa Girkanci da Latin, zuwa 1948 ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi an bar shi ya ƙera, mu in mun ƙera sai a ce ba a saba ji ba.

Ɗan Gangare: Malam in ƴan Jos muka ƙirƙiro Kanawa cewa za su yi Hausar Filato ce ba su yarda ba

Maman Ladi: Su yi ta faɗa, Hausarmu ba aro muka yi ba. Amma ku dawo kan magana, baiwar Allah na da shiri gobe. Asabe tsohuwa da ke sauraro a Yan Shanu ba ta da damar tsayar da ke ta ce mene ne matuna. Gidan tunawa, kowa zai gane.

Asabe Rikkos: Na gode Yaya. Abin da na rubuta yanzu: gidan tunawa da kisan ƙare dangin da aka yi wa Tutsi, sai in bi da cewa makabarta ce kuma, ƴan uwan mamatan na zuwa ziyara har yau. Ya yi tsawo na sani, kuma gida bai ɗauke nauyin kaburburan nan ba, har yanzu raina bai kwanta ba.

Malam Farin Gada: Bayani kika yi, ba suna kika raɗa ba. Ki tafi da shi saboda lokaci, amma ko sau ɗaya ki ce "ko kuma matuna" mu ji abin da masu bugo waya za su ce.

Asabe Rikkos: In minti ya ragu zan gwada Malam.