Haƙori ɗaya ya kai ni asibiti, likita ya lissafa mini tara

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Kano, shekaruna 46, kuma ina da ciwon suga. Makonni biyu da suka wuce turmin haƙorina na ƙasa ta hagu ya hana ni barci, ko ruwan randa na kurɓa sai na ji zugin har cikin kunne, don haka na je wani asibitin haƙori mai zaman kansa da abokin maigidana ya haɗa mu da shi. Bayan likitan ya duba ya ɗauki hoto, sai ya ce za a cire jijiyar haƙora biyu a sa musu hula, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, a cire uku gaba ɗaya, a yi wa huɗu ciko, sannan a yi wankin da ke shiga ƙarƙashin dasashi. Kuɗin ya kusan albashina na wata biyar, kuma an ce in biya rabi kafin a fara. Zuciyata ba ta kwanta ba, domin cikin taran nan ɗaya ne kawai yake mini ciwo, amma ina jin nauyin zuwa wurin wani likitan kada a ce na raina mutumin da ya karrama ni. Shin ya dace in nemi wani ya sake dubawa?

Wata ma'aikaciyar sashen haƙori:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki je, kuma ki sauke wannan nauyin daga ranki, domin haƙorin babba idan aka cire shi ba ya sake tsirowa, kuma likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushi don an nemi wani ya tabbatar da abin da ya gani. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta a sanar da majiyyaci hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da kuma cewa yana da damar ƙin amincewa.

Sai dai kada ki ɗauka rashin ciwo shaidar lafiya ce. Kogo yakan daɗe yana cin haƙori ta tsakaninsa da maƙwabcinsa, inda ido ba ya gani, kuma ba ya fara zugi sai ya kusanci jijiya. Ciwon dasashi ma haka yake, yana cinye ƙashin da ke riƙe haƙori a hankali, ba a ankara sai haƙorin ya fara girgiɗi, kuma ya fi tsanani ga masu suga, kamar yadda shi ma yake wahalar da daidaituwar sugan. Saboda haka yana iya yiwuwa likitanki gaskiya ya faɗa daga farko har ƙarshe.

Ki koma ki roƙi a ba ki hotunan da aka ɗauka, ko a waya ne, tare da jerin aikin a rubuce, kowane haƙori da abin da za a yi masa da kuɗinsa. Idan kin je wurin na biyu, ki faɗa masa ciwon suganki da magungunan da kike sha, amma ki bar shi ya gama dubawa ya faɗi nasa kafin ki nuna masa takardar, kada ta ja ra'ayinsa. Haƙora ukun da aka ce a cire su ne suka fi damuna. Ki tambaya ko an auna zurfin dasashin da ke kewaye da su da ɗan siririn ƙarfen nan mai layuka, domin lafiyayyen dasashi ba ya wuce milimita 3, kuma ki nemi a nuna miki a hoton yawan ƙashin da ya rage.

Wani dattijo:
'Yata, ni a ganina ki sa a cire wanda yake ciwon ki huta, sauran kuma ki riƙa yin asuwaki. Mu da aka cire mana tun da daɗewa ga mu nan muna cin tuwonmu.

Ma'aikaciyar sashen haƙori:
Baba, Allah Ya ƙara girma, amma gurbin turmi ba ya zama yadda aka bar shi. Na kusa da shi sukan karkato ciki, na samansa ya zazzago tunda ba shi da abokin tauna, kuma cike gurbin daga baya yakan fi ceton haƙorin tsada.

Wani ɗan kasuwa:
Ni na yi abin da kike shirin yi, Malama, kuma sakamakon bai zo yadda na so ba. An ce mini haƙora biyu suna buƙatar cire jijiya, na yi zargin kuɗina ake so, na tafi asibitin koyarwa na bi layi tun da sassafe, likitan can ya ɗora auduga mai sanyi a kan ɗaya, ban ji komai ba, ya ce jijiyar ta riga ta mutu, wato maganar na farko ta tabbata. Abin da na ƙaru da shi shi ne an raba mini aikin, aka fara da mai gaggawa, sauran na yi su cikin watanni ina biya a hankali. Tunda kina Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori, kuma akwai ƙwararru daban-daban, na dasashi dabam, na gyaran haƙori dabam. Ki shirya wa jira kawai.

Wata 'yar'uwa:
Abu ɗaya zan ƙara, domin na gani a gidanmu. Neman likita na biyu na kwanaki ne, kada ya zama dalilin ajiye maganar har wata da watanni. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis yana lafar da ciwon ne kawai, tushen yana nan a cikin haƙorin. Idan kuncinki ko ƙarƙashin haɓarki ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiyar yawu da buɗe baki suka yi wuya, to ki wuce sashen gaggawa a ranar, musamman da yake kina da suga, domin irin wannan kumburin yana iya toshe numfashi.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na koma jiya gabana yana faɗuwa, na ce ina son hotunan domin in yi shawara kafin in biya, sai likitan ya sa aka tura mini su a waya nan take, har ya zana da'ira a kan turmin da yake ciwon, ya ce duk inda zan je kada in bar wannan ya wuce mako guda. Na yanki kati a asibitin koyarwa, an ba ni ranar Talata, kuma an ce in zo da sakamakon gwajin sugana na baya-bayan nan.