Me ya sa cibiyar yuraniyom ba ta tsagewa gida biyu daidai?

Ɗalibar kimiyya:
Assalamu alaikum, malamai. Idan niyutiron (ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cibiyar zarra) mai tafiya a hankali ya shiga cibiyar zarrar yuraniyom-235, ba ta rabewa daidai wa daida, sai a samu ƙaramin ɓangare mai nauyin kusan 95 da babba mai kusan 140 (wato jimillar ƙwayoyin furoton da niyutiron da ke cikin kowanne). Shin wannan ne ake kira karya ƙa'idar daidaito?

Malamin fiziks:
Wa alaikumus salam. Bambancin nauyin bai karya wata doka ba, tsarin cikin cibiyar ne ya jawo shi. Furoton da niyutiron suna zama ne hawa-hawa, kuma cibiyar da hawanta ya cika, irin ta kuza-132 mai furoton 50 da niyutiron 82, tana da ƙarko na musamman. Babban ɓangaren yakan tsaya kusa da wannan yanki, shi ya sa nauyinsa ba ya sauyawa sosai daga yuraniyom zuwa fulutoniyom, ƙaramin ne ke kwashe ragowar. Sinadarin fermiyom-258 kuwa yana tsagewa kusan daidai, domin kowane rabinsa yana kusa da kuza-132.

Mai bincike:
Malam ya yi gaskiya, amma akwai karyawa ta haƙiƙa, kuma a ganina ita ta fi ban mamaki. An daɗe ana ɗauka cewa duk abin da ya faru a duniyar zarra, hotonsa na madubi ma zai faru daidai da shi, har gwajin da masaniyar fiziks Wu ta yi da sinadarin kobalt-60 ya rushe wannan zato a 1957. A 1977 masanin fiziks Danilyan da abokan aikinsa a Mosko suka harba wa yuraniyom niyutiron da aka jera juyinsu (wato juyawar da kowanne ke yi a kan kansa) fuska ɗaya, suka tarar ƙaramin ɓangaren ya fi fita ta wata fuskar fiye da kishiyarta da kimanin kashi 1 cikin 10,000. Rarraunan ƙarfin nukiliya, wanda ba ya bin wannan daidaito na madubi, shi ne sanadi, alhali tasirinsa tsakanin furoton biyu bai wuce kusan 1 cikin miliyan 10 ba. Abin da ya haɓaka shi, kamar yadda masana fiziks Sushkov da Flambaum suka bayyana, shi ne cunkoson matakan makamashi a cibiya mai nauyi, wanda ke sa matakai masu saɓanin hali a madubi su cakuɗu cikin sauƙi.

Malamin fiziks:
Haka ne. Sai dai ki lura, ko batun nauyin bai ƙare ba: a 2010, a CERN, wurin binciken fiziks na ƙasashen Turai, an yi tsammanin makuri-180 zai rabu 90 da 90, sai ya rabu kusan 100 da 80.