Kyanwarmu ta kamu da ciwon ƙoda, ko ya halatta a hutar da ita?

Mai tambaya daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Kyanwarmu ta shekara 14 a gidanmu, kuma likita ya tabbatar mana cewa ƙodarta ta gaza. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, tana yawan amai, ko kifin da take so ba ta ƙara kallonsa. An ba mu shawarar a yi mata allurar da za ta hutar da ita, amma zuciyata ta kasa amincewa. Ina neman shawararku.

Amsa daga Samaru:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Ƙodar da ta daɗe da lalacewa ba ta farfaɗowa. Ƙarin ruwa da canjin abinci suna rage wahala ne kawai. Kafin ki yanke hukunci, ki kai ta Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru, Zariya, a sake dubawa. Idan an zo ga allurar, ana fara kwantar da ita da maganin barci, sannan a ba ta wani ta jijiya, zuciyarta ta tsaya cikin 'yan mintuna ba tare da ta ji zafi ba.

Amsa daga cikin Birni:
Malama, malaman Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da aka fid da rai da warkewarta, domin a sauƙaƙa mata azaba. Ni dai abin da nake roƙo shi ne kada a ba ta guba, kuma kada a yar da ita a bola.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Gobe da safe za mu je Samaru, in sha Allahu.