An zargi ƙanena da satar amsa, kwamiti ya kira shi

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana aji uku a wata jami'ar tarayya. Mai sa ido a jarrabawa ya ce ya tsinci takarda a ƙarƙashin kujerarsa, aka sa shi ya cike fom nan take. Yanzu kwamitin ladabtarwa ya gayyace shi, saura kwana biyar. Me ya kamata mu yi?

Malamin Aji:
Wa alaikumus salam. Malam, fara tambayarsa abin da ya rubuta a fom ɗin, domin da shi kwamiti zai buɗe zama. Yara da yawa don ruɗewa sukan rubuta "a yi haƙuri", kwamiti kuwa amsa laifi yake ɗaukar wannan. In haka ta faru, ya rubuta cikakken bayani yanzu: lokaci, lambar kujera, su wa ke gefensa.

Sannan ya rubuta wa rajistara yana neman zargin a rubuce, da rahoton mai sa ido, da damar ganin takardar. Kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan nasa. Abu biyu za a duba: rubutun hannunsa ne? Abin da ke ciki ya shafi jarrabawar ranar? Ku karanta littafin dokokin ɗalibai ku ga ko hukuncin laifin dakatarwa ne ko kora. Kada ya ƙi zuwa, ana yanke hukunci a bayan ido.

Ɗan Kotu:
Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi haƙƙin a saurare shi, kuma wanda ke da hannu a magana ba ya zama alƙalinta. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai bayan tarzomar 1983. Cikin dalilan akwai cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda tarzomar ta shafa, shi ya shugabanci kwamitin bincike. Don haka in ya ga mai zarginsa zaune cikin 'yan kwamiti, ya faɗa cikin ladabi tun farko, ya roƙi a sa a rubuce. Ya kuma nemi a kawo mai sa idon ya yi masa tambayoyi.

Sai dai kar a ɗauka kotu za ta hana jami'a bincike. A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, 2004, ba ta ga laifin dakatar da ɗalibi kafin a gama bincike ba.

Hajiya Umman Yara:
Ɗana, in hukunci bai yi daɗi ba, ku karɓi takardar hukuncin, ku ɗaukaka ƙara ga majalisar gudanarwar jami'a cikin wa'adin da dokarta ta tsara. Wanda ya tsallake wannan ya ruga kotu, ana iya korar ƙararsa. Amma ku ga lauya tun ranar, saboda dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar na shigar da ƙara, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙarar jami'ar tarayya. Batun bin 'yan kwamiti gida da ɗan goro kuwa, ku manta da shi. Sabon laifi ne a kan yaron.

Abu Hafsat:
Allah ya saka da alheri. Ya ce sunansa kawai ya rubuta da "ba tawa ba ce". Gobe da safe zai kai wasiƙar.