Yashin mage mara ƙura: wanne kuka gwada a nan Kano?

Uwargida, Tarauni

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon mage. Muna zaune ne a bene, hawa na biyu, babu tsakar gida balle ƙasar da mage za ta tona, saboda haka tun da na karɓo tawa shekara biyu da suka wuce nake saya mata yashin kanti, irin wanda yake dunƙulewa idan fitsari ya taɓa shi. Ban taɓa damuwa da ƙurarsa ba sai da hunturun bana ya shigo. Yanzu da hazo ya sa muke rufe tagogi, duk lokacin da na zazzage buhu a cikin robarta sai ƙura ta turnuƙe lungun, washegari kuma in tarar da ita fari fat a kan talabijin. Ɗana na biyu yana da asma, kuma a wannan watan ya nemi abin shaƙarsa fiye da yadda ya saba. Ita ma magen sau biyu na gan ta ta durƙusa ta miƙe wuya tana tari kamar za ta yi amai, amma babu abin da ya fito. Don Allah duk wanda ya gwada wani abu da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani, mai daɗi da mara daɗi.

Malamin kimiyya, Gwale

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Abin da kike saya laka ce da ake kira bentonayit, irin wadda masu haƙa rijiyar burtsatse suke damawa da ruwa lokacin haƙa. Tana shan ruwa ta kumbura, shi ya sa take kama fitsari ta zama curi, amma busasshiyar laka dole ta yi gari idan aka goga ta da juna. Buhun da aka ɗora aka sauke tun daga jirgin ruwa zuwa tirela, daga Legas zuwa Kano, hatsinsa ya sha niƙa a hanya, kuma garin duk yana taruwa a gindin buhu. Saboda haka rubutun da ke jikin leda cewa babu ƙura bai isa hujja ba, domin a masana'anta aka auna, ba a kantin da kika saya ba.

Ni gwaji biyu nake yi kafin in amince da sabon iri. Da daddare nakan kashe fitila, in kunna tocila, in zuba kofi ɗaya daga tsayin kamu guda, sai in ga yawan ƙurar da ke yawo a cikin hasken. Sannan in tura hannu cikin buhun in shafa a baƙin ƙyalle. A cikin iri huɗu da na gwada, mai manyan ƙwayoyi ya fi mai laushi tsabta nesa ba kusa ba. Kuma na daina zazzagewa daga sama; ina kwantar da bakin buhun a cikin robar in ja shi a hankali, ragowar garin gindi kuwa ba na zuba shi.

Hajiya, Ƙofar Na'isa

'Yata, ni fiye da shekara 30 ina tare da maguna kuma ban taɓa sayen yashi a kanti ba. Yashin rafi nake sa yara su ɗebo mini daga inda tifa ta sauke wa magina, mai tsakuwa-tsakuwa wanda ake buga bulo da shi, ba mai laushin da ake shafe ba. Sai a tankaɗe shi da rariya, a zuba a bokiti a wanke sau uku har ruwan ya daina yin ja, a shanya a rana kwana biyu. Abin da ke tashi a iska shi ne jar ƙasar da ke cikinsa, idan an wanke ta fita shi ke nan. Maguna suna son sa ƙwarai, ban taɓa ganin wadda ta ƙi shi ba.

Amma in faɗa miki gaskiya, ba ya riƙe wari. Fitsari yana gangarawa ƙasan roba ya kwanta, idan ya kwana uku a lokacin zafi ba za ki iya zama kusa ba. Ni ina da tsakar gida da masu taya ni, ke kuwa hawa da bokitin yashi bene duk bayan kwana uku ba ƙaramin aiki ba ne. Kada kuma wani ya ce ki haɗa da toka don kashe wari. Na yi haka sau ɗaya, muzuruna ya yi ta atishawa, ya kuma bi dardumar sallata da sawun toka.

Mai kiwon kaji, Hotoro

Tunda ina sayen dusar katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa saboda kaji, sai na ce bari in zuba wa magen gidana. Kuskuren da na yi shi ne na ɗauki garin da zarto ke zubarwa, wanda ya fi laka tashi, ga shi yana manne mata a gashi tana lashewa. Da na koma irin mai faɗi-faɗi da injin goge katako ke fitarwa, ƙurar ta ragu sosai, sai dai ba shi da nauyi, tana fita da shi a ƙafa har cikin falo. Abin da ya sa na bari gaba ɗaya shi ne a buhu ɗaya ana haɗa katako iri-iri, wani an yi masa feshin maganin gara, kuma mai sayarwa ba zai iya rarrabe miki ba. Ga gidan da ke da mai asma, Hajiya, ba na ba ki shawararsa.

Ɗaliba, Kabuga

Anti, ni na waken suya nake amfani da shi wata bakwai ke nan. Da irin dusar da ke saura idan an tace awara ake yin sa, a haɗa da sitaci a murza shi sirara kamar gutsattsarin taliya. Na yi gwajin tocilar da Malam ya faɗa, kusan babu abin da na gani a cikin hasken. Yana dunƙulewa, kuma da matsamin ƙosai da na ware masa nake kwashewa safe da yamma. Na fara shi ne saboda magena tana 'yar jaririya lokacin, tana ɗanɗana duk abin da ta gani, likitan dabbobi kuma ya ce kada a sa wa ƙanana laka mai kumbura domin tana iya toshe musu hanji.

Matsalarsa biyu ce. Ya fi na laka tsada, kuma ba kullum ake samunsa ba, sau da yawa sai na yi oda na jira. Ta biyu kuma a watan Agusta, da ruwa ya yi ta sauka, rabin buhun da na bari a buɗe ya yi fumfuna, ƙananan ƙwari suka shiga, dole na zubar. Abinci ne a asalinsa, don haka a bokiti mai murfi nake ajiye shi yanzu. An rubuta cewa ana iya zuba shi a masai, amma ni ba na yi, ina tsoron toshewar bututu.

Ma'aikaciyar jinya, Rijiyar Zaki

Kafin maganar yashi, Hajiya, tarin da kika kwatanta na miƙe wuya a durƙushe ya kamata likitan dabbobi ya gani, domin maguna ma suna yin asma, kuma mutane kan ɗauka gashi ne ya maƙale musu. Shi kuma yaro kada ya tsaya a wurin lokacin da ake zubawa ko kwashewa.

Ni na yi shekara guda da farin nan mai kama da gishirin ƙanƙara, wato silika. Ƙurarsa kaɗan ce a farko kuma yana shanye wari, amma a mako na uku ƙwayoyin sukan farfashe su yi gari, tsohuwar magena kuma ta riƙa taka shi kamar mai tafiya a kan ƙaya har ta koma yi a bayan ƙofa. Na kuma lura cewa mai turare ya fi tayar wa masu asma ciwo, ko da babu ƙura. Abu ɗaya da nake nanata wa mata a wurin awo shi ne mai juna biyu ta bar wa wani aikin kwashe kashin mage, saboda ƙwayar cutar toksoplasma da ke iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tana ɗaukar kwana 1 zuwa 5 bayan fitar kashin kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewa kullum take da muhimmanci. Idan babu mai yi, ta sa safar hannu da takunkumi, ta wanke hannu da sabulu.

Malamin kimiyya, Gwale

Na manta ban tambaya ba, Hajiyar Tarauni: robar mai rufi ce, kuma a ina take? Mai rufi tana tara ƙura a daidai hancin magen lokacin da take tono.

Uwargida, Tarauni

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malam, mai rufi ce, kuma a lungun falo take, ƙarƙashin fanka. Yau kwana goma sha biyu ke nan da na cire rufin na mayar da ita ƙaramin banɗakin da ba ma amfani da shi, mai taga a sama. Na samo na waken suya mara turare, amma ranar farko da na zuba shi zalla ta shinshina ta juya, ta yi fitsarinta a kan tabarmar ƙofa. Sai na dawo da tsohon na riƙa haɗawa, kashi ɗaya cikin huɗu, sannan rabi, har ta saba a cikin mako guda. Zurfinsa nake bari kamar santimita 6, domin idan ya yi ƙasa da haka curin yana manne wa roba. Na kai magen wurin likita, ya saurari ƙirjinta ya ba da magani, ya ce in dawo da ita bayan mako biyu. Yaron bai nemi abin shaƙa da daddare ba tun ranar Laraba, ko da yake hazon ma ya ɗan lafa a kwanakin nan, don haka zan jira in ga yadda za a yi idan ya dawo. Ƙanwata ta Kabuga, wane girman bokiti kike ajiye naki a ciki, kuma buhu ɗaya yana kai miki kwana nawa?